Yadda Na Zama Isufu Sha Bakwai

Na san kun sha jin ana kirana Sha Bakwai a kasuwa, na kuma san abin da Kawunku Hamza yake gaya muku idan kun tambaye shi, wai ina da shekara sha bakwai na fara gyaran keken ɗinki. Allah ya saka masa da alheri, asirina yake rufawa. Amma ba haka ba ne, kuma ba na son in mutu in bar ku da ƙarya ko da mai kyau ce. Abin ya faru ne a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da sabon kaya ya gagari mutane, kowa ya koma jawo tsohon kekensa daga ƙarƙashin gado. A lokacin ni ake kira daga nan Madarunfa har Gabi. Jarina bai wuce abu uku ba: turnabis biyu na kwance ƙusoshin keke, gwangwanin mai, da yardar mazan mutane. Na ƙarshen nan shi ne babba. Mai gida zai tsaya da ni a zaure ya ce, shiga Malam Isufu, tana ciki, ya tafi gonarsa hankali kwance. Ni kuma in shiga kaina a ƙasa, in gyara, in fito ban san ko matar doguwa ce ko gajera ba.

A wannan shekarar wata Hajiya Tasalla ta zo daga Maradi ta kama hayar gida bayan tasha, ta kafa allo a ƙofa an rubuta gidan koyon ɗinki na mata. Ta sayo kekuna huɗu baƙaƙe daga Jibiya ta jera su a rumfar tsakar gida, ta zo da mata huɗu, duk zawarawa, ta ce ɗalibanta ne. Ni ta kira na ɗaura kekunan. Na ɗaura, na zuba mai, na gwada, na tafi. Bayan wata ɗaya ina wucewa sai zuciyata ta ce, anya ka ɗaure igiyar na ukun nan da kyau? Kun san halina. Ni ne mutumin da ke komowa daga bakin tabki ya duba ko ya rufe akurkin kaji. Na shiga na duba. Igiya lafiya lau, amma na ga abin da ya tayar mini da hankali. Keken da ke aiki yana tara ƙurar yadi a ƙarƙashin farantinsa, fentin wajen da hannu ke kamawa yana gogewa, allurarsa tana dakushewa. Waɗannan kuwa zaren da na sa ranar farko shi ne a jikinsu, kuma a cikin na biyu, daidai wajen ƙoshiya, zanzaro ya fara gini.

Keken da ba a takawa tsatsa ke cinye shi, idan kuma ya ci za a ce wa ya ɗaura? Isufu. Don haka na ɗora wa kaina zuwa ina taka su. Da yake ba na son ɓarnar zare a kan tsumma, sai na riƙa kwaso ƙyallayen da suka rage a kwandon Innarku Rakiya ina haɗa ƴan rigunan yara da su. In na gama in bar su nan, Hajiya ta rataye su a igiya bakin ƙofa tana sa mini albarka. Na ɗauka son yara ne.

Za ku ce ban ga maza suna shiga ba? Na gani. Na ga direbobin kamyo, manyan motocin kaya, na ga ƴan kasuwar kan iyaka, na ga wasu da ba zan faɗi sunansu ba domin jikokinsu abokanku ne. Na tambayi Hajiya sau ɗaya, ta ce awon riga suke zuwa, a ɗakin ciki ake yi. Na yarda. Akwai wani mai shanu da aka auna sau biyar a gabana, ban taɓa ganin rigar ba, amma na ce wa raina zato zunubi ne, wataƙila mutumin ƙiba yake yi. Abin da ya dame ni kawai shi ne ban taɓa ganin tef ɗin awo a gidan ba. Har na kawo musu nawa.

A cikin matan akwai ɗaya, Barira, mai tsagen goshi, wadda ba ta cika magana ba. Ita kaɗai ke zuwa ta tsuguna nesa kaɗan idan ina aiki. Wata rana ta ce da ni:

"Malam, zaren ƙasan nan ta ina yake fitowa? Kullum ina gani na sama ke shiga, amma in an juya yadi sai in ga biyu."

Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa yi mini tambaya mai daɗin wannan. Na buɗe faranti na nuna mata ƙoshiya. Daga ranar, duk zuwan da na yi sai ta tare ni da wata tambayar, kuma keke na huɗu, wanda ke kusa da randa, ya fara tara ƙura.

Ashe maganar gidan ta kai kunnen jandarmomi. An kawo wani sabon ajidan, wato babbansu, dogon mutum mai sanyin murya, wanda ba ya son ya kama mutum sai da hujja a hannu. Zuwansu na farko ina ciki ina taka keke na biyu. Suka ji ƙarar aiki tun daga waje, suka ga rigunan yara a igiya, Hajiya ta miƙa takardar patanti ta harajin sana'a, suka ba ta haƙuri suka tafi. Har ajidan ya ce da ni sannu da aiki, na ce yawwa ranka ya daɗe, na yini ina jin daɗi. Ban san ni ne katangar da gidan ke fakewa a bayanta ba.

Sai ajidan ya canza dabara. Ya sa wani jandarma ya tuɓe kaki ya sa jallabiya da hula, ya zauna tsallaken hanya da faifan goro, da ɗan littafi a ƙarƙashin faifan, yana rubuta sunan duk namijin da ya shiga. Dabarar ba ta da laifi. Sai dai bawan Allahn bai yarda ya rabu da takalman aikinsa ba, baƙaƙe masu igiya, an goge su suna ƙyalli a ƙarƙashin jallabiya. Ga shi bai san goro ba. Ba ya yayyafa masa ruwa, ba ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya bar shi a rana yana yamutsewa. Kafin azahar ta ranar farko duk tasha ta san ko wane ne. Masu zuwa awo suka koma bi ta gonar hatsin da ke bayan gida suna ɗaga darni. Mutum ɗaya ne a duk Madarunfa ya ci gaba da shiga ta ƙofar gaba da rana tsaka, yana ma tsayawa su gaisa, yana ce masa shef yadda muke kiran jandarma.

"Ina wuni, shef. Goron nan naka zai mutu fa. A samo algarara."

"Ni ba shef ba ne. Mai goro ne."

"To Allah ya ba da kasuwa, shef. Isufu ne, mai gyaran keke, idan ana bukata."

Haka muka yi har damina ta yi nisa. Ran nan da hantsi aka kawo mini takardar kira, wadda muke ce wa kwambokasiyo, wai in zo gidan Hajiya Tasalla ranar Alhamis da safe da kayan aikina. Wanda ya kawo takardar bai iya riƙe bakinsa ba. Kafin in gama karanta ta sau uku, gari ya ɗauka cewa an yi wata biyu ana gadin gidan karuwai, kuma littafin hukuma shafi biyu cur suna ɗaya ne a ciki. A ranar na fara jin kalmar a kan gidan. Na zauna a ƙasa. Na tuna mai shanu. Na tuna tef ɗina.

Da na isa gida na tarar Innarku ta shimfiɗa zane tana jera kayanta a kai. Ke Hadiza kina goye a bayanta, kai Sani kana cin ƙasa a bakin murhu.

"Rakiya, ki saurare ni."

"Ina saurare, Malam. Kunnena ba ya cikin ƙunshin nan."

"Kekuna nake zuwa dubawa."

"Kekuna. Nawa keken da ke ɗaki wata uku ina cewa yana tsallake ɗinki, ka ce sai ka samu sarari. Ashe sararin yana bayan tasha."

"Wallahi ko fuskokinsu ban sani ba, in ban da ɗaya."

"In ban da ɗaya!"

Na gane na yi kuskure, na so in gyara, na ce ai ita ɗin ma don tana da tambayoyi ne masu daɗi. Innarku ta ɗaure ƙunshi da ƙulli biyu. Ta ce amalanken garin Safo ranar Alhamis yake tashi, za ta bi shi gidan ubanta, amma sai ta fara tsayawa ta ga yadda hukuma za ta yi da ni, don kada a ba ta labari a rage wani abu.

Ranar Laraba ina zaune a rumfata gindin bishiyar bedi, ba wanda ya kawo ko allura, sai ga Hajiya Tasalla ta yi lulluɓi har ƙasa. Ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Malam Isufu, ni da kai jirgi ɗaya muke. Gobe ajidan zai sa ka buɗe kekuna ka faɗi ko ana aiki da su. Shi bai san keke ba, abin da ka ce shi zai rubuta."

"To ai ba a aiki da su, Hajiya."

"Kai dai Allah ya yi ka da tsawo ban da wayo. Ka ce ana yi. In ana aiki, keke yana lalacewa, mai gyara yana zuwa, sunanka ya wanku, matarka ta kwance kaya. In ka ce ba a yi, to uban me kake zuwa gyarawa? Ka ba mutanen gari amsa in ji."

Ta tashi ta bar ni da wannan. Kuma gaskiyarta ce, duk ta inda na juya maganar. Ƙarya ita ce za ta wanke ni, gaskiya kuma ta shafa mini baƙi. Na yi alwala ta fi sau biyar a yinin nan don ina ta shakkar ko na wanke gwiwar hannu. Na ce a raina kalma ɗaya ce, ana yi, shi ke nan. Na gwada faɗinta a fili ni kaɗai, sai na ji kamar na haɗiye ƙoshiya.

Ranar Alhamis da safe ban taɓa ganin taro irin wannan ba in ba ranar idi ba. An hau katanga, an hau bishiya. Masu zuwa awo su ne a sahun gaba, suna girgiza kai suna Allah ya shirya. Mai shanu har da carbi. Aka ajiye wa ajidan tebur a tsakar gida, mai unguwa na gefensa, mai goro ya koma cikin kakinsa yana riƙe da littafi. Hajiya da matan huɗu suna kan tabarma. Can baya kusa da ƙofa na hango Innarku, ƙunshi a ka, goyo a baya.

Ajidan ya buɗe littafi ya ce:

"Isufu mai gyaran keke. An ga ka shiga gidan nan sau goma sha shida. Haka ne?"

Ya kamata in ce haka ne in yi shiru. Amma ina da ɗan littafina da nake rubuta duk keken da na zuba wa mai, kuma na kwana biyu ina duba shi.

"Ranka ya daɗe, sha bakwai ne."

"Me ka ce?"

"Sha bakwai. Akwai wata Talata da aka yi ruwa, shef ya shiga rumfar mai shayi ya fake. Bai gan ni ba."

Tsakar gida ta fashe da dariya, har wani ya faɗo daga katanga. Mai goro ya dube ni kamar zai yi kuka. Ajidan ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a gyara a rubuta sha bakwai. Sannan ya nuna kekuna ya ce in buɗe in gaya masa abin da na gani, in tuna kuma maganata za ta shiga takarda.

Na kwance farantin na farko. Fes, ko ƙurar kirki babu sai ɗan abin da ni na tara. Na biyu, zanzaro ya dawo ya gama gininsa har da ɗaki biyu. Na uku, allurar da na sa ce, ban ma cire ɗan jan zaren da nake gwaji da shi ba. Na ji idon Hajiya a ƙeyata. Na ji na Innarku ma, shi ya fi zafi. Na ce:

"Ranka ya daɗe, ukun nan ba wanda ya taɓa taka su sai ni."

"Rigunan da ke igiya fa?"

"Ni na ɗinka."

"To in ba sa aiki ba sa lalacewa, me kake zuwa yi har sau sha bakwai?"

"Tsatsa nake tsoro, ranka ya daɗe."

Wannan dariyar ta fi ta farko. Mai unguwa ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na motsi. Hajiya ta ce, Allah ya isa tsakanina da kai, dogon banza. Ajidan ya buga tebur, ya ce saura ɗaya. Na buɗe na huɗu, ƙurar yadi ta zubo mini a tafin hannu, ja da kore da shuɗi. Na ɗaga masa ya gani. Na ce wannan yana aiki, kuma ba ni kaɗai ba, ga mai shi can. Ajidan bai yarda da baki ba. Ya zare zaren keken gaba ɗaya, ya ciro hankicinsa ya yaga shi biyu, ya ce matan su taso ɗaya bayan ɗaya su haɗa. Ta farko ta zauna ta bayan keke. Ta biyu ta taka ya juya da baya. Ta uku ta ce ita ciwon ƙafa take. Barira ta zo ta zauna, ta lashi bakin zare, ta bi da shi duk inda ya kamata, ta jawo na ƙasa da juyi ɗaya, ta haɗa hankicin, ta kuma kalmashe bakinsa ba a ce ta yi ba. Ajidan ya juya shi gaba da baya ya sa a aljihu.

Aka rufe gidan a ranar, aka sauke allo, aka tafi da Hajiya Maradi. Matan uku aka sa su a mota zuwa garuruwansu. Barira kuwa ajidan ya ce tunda allo ya yi alkawarin koyar da ɗinki kuma mutum ɗaya ta koya, mai unguwa ya nema mata inda za ta ƙarasa. Ni ya ce in tafi, ba ni da laifin da doka ta sani, amma in daina taimakon mutane ba su roƙe ni ba.

Na fito ina neman Innarku, na same ta a bakin ƙofa ta sauke ƙunshi ta zauna a kansa, tana jujjuya wata ƴar riga da ta ciro daga igiya.

"Malam, wannan ba ƙyallen atamfata ta sunan Hadiza ba ne?"

"Shi ne."

"Wanda na ce akuyar maƙwabta ta cinye, har muka yi sati ba ma gaisawa?"

"Na so in faɗa miki, sai na ga rigimar ta riga ta yi nisa."

Ta ninke rigar ta ɗora a cinya. Mai amalanken Safo ya leƙo ya ce in za ta tafi ta taso, rana na yi. Ta ce ya tafi abinsa. Sannan ta ce da matan da suka kewaye ta, ba da ni ba:

"Ni dai na ga maza iri-iri. Amma namijin da hukuma za ta ce sha shida ya ce a'a sha bakwai, wannan ba ya da wayon yin abin da kuke zato. Ɗauki kayan nan, Malam, mu je. Kuma yau ɗin nan za ka gyara mini kekena."

Na ɗauki ƙunshi a ka na bi ta a baya, muka ratsa tasha ana ta kiran Sha Bakwai, Sha Bakwai. Innarku ta yarda da ni, amma gari bai yarda duka ba. Kusan shekara biyu ba mai gidan da ya sake ce mini shiga. Sai dai a kinkimo keke a kawo zaure, mai gida ya zauna a kaina har in gama, wasu kuma suka koma kai nasu Maradi. Shekarun nan ne kuka ci tuwo ba miya mai kyau, ku manyan kuna iya tunawa. Ban taɓa gaya muku dalili ba. Barira ta ƙarasa koyo, ta yi aure a Gabi, kuma kayan makarantar da kuka sa duk ɗinkinta ne, ba ta taɓa yarda Innarku ta kai wa wani ba. Wannan ita ce Gwaggo Barira da kuka sani, kuma da izininta na rubuta wannan, ta ce in rubuta, jikokinta ma su san daga inda keken ya fito.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan an rufe gidan da kamar sati uku, ina kwance turnabis ɗina ƙarami daga cikin tsumma, sai na tuna wata Asabar da na manta shi a kan keke na uku na koma na ɗauko. Ban zuba mai ba ranar, shi ya sa bai shiga littafina ba, shef kuma ya tafi salla. Na shiga, na ɗauka, na fito, ko zama ban yi ba. Amma shiga ce. Na shirya in je in faɗa wa ajidan, Innarku ta tsaya a bakin ƙofa da muciya ta ce in na fita kada in dawo. Daga baya aka yi masa canjin wajen aiki, ban san inda ya ƙare ba. Yau shekara talatin ke nan takardar hukuma tana ɗauke da kuskure da sa hannuna a ƙasa. Don haka idan kun ji an kira ni Sha Bakwai, kada ku yi faɗa da kowa, ubanku bai yi abin kunya ba. Amma ku sani, tsakaninku da Allah, sha takwas ne.